Sarki Wiliyam na Ɗaya na Holan da Rikicin Harshen Mulki

Gabatarwa

Masu nazarin harshe sun daɗe suna muhawara a kan ko hukuma tana iya ɗora wa jama'a harshe da ƙarfin doka. Tarihin Sarki Wiliyam na Ɗaya, wanda ya sarauci ƙasar Holan daga 1815 zuwa 1840, yana cikin misalan da suka fi dacewa da wannan muhawara. Manyan ƙasashen Turai ne suka danƙa masa ƙasashe biyu, watau Holan da Beljiyam, suka ce ya haɗa su su zama abu guda. Ya shekara 15 yana wannan aiki. Ya haƙa hanyoyin ruwa, ya kafa bankuna da jami'o'i, ya raya masana'antu, amma duk da haka a 1830 rabin ƙasar ya suɓuce masa. A cikin wannan maƙala za a bi rayuwar sarkin daki-daki, sa'an nan a duba yadda matakan da ya ɗauka a kan harshe da addini suka taimaka wajen wargaza abin da ya gina da hannunsa.

Asalinsa da Gudun Hijira

An haifi Wiliyam a birnin Heg ran 24 ga Agusta, 1772, a gidan Oranje-Nassau. A wancan zamani Holan jamhuriya ce ta larduna 7, ba ta da sarki. Mahaifinsa, Wiliyam na Biyar, yana riƙe da wani muƙami na gado da ake kira stadhouder, watau mai riƙon ƙasa, wanda ke shugabancin mayaƙan tudu da na ruwa, amma ikon kuɗi da na doka yana hannun majalisun larduna da attajiran birane. Mahaifiyarsa kuwa gimbiya ce daga gidan sarautar Furusiya ta ƙasar Jamus, kuma daga wannan gida ne shi ma ya auri 'yar kawunsa, Wilhelmina, a 1791.

Yana da shekara 22 guguwar juyin juya halin Faransa ta iso ƙofar gidansu. A watan Janairu na 1795 sojojin Faransa suka ƙetare kogunan Holan bisa ƙanƙara, iyalin suka shiga jirgin masunta a gaɓar Scheveningen suka tsere zuwa Ingila. Daga ran nan Wiliyam ya shiga yawon da ya ɗauke shi kusan shekara 19. A 1802 aka ba shi wata 'yar ƙaramar ƙasa a Jamus mai suna Fulda a madadin abin da gidansu ya rasa. A nan ne ya koyi mulki, kuma irin mulkin da ya koya shi ne na sarakunan Jamus na lokacin, watau sarki ya zauna ya karanta kowace takarda da kansa, ya yanke hukunci shi kaɗai, talakawa su karɓa su gode. Wannan ɗabi'a ba ta rabu da shi ba har ya mutu. A 1806, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya goyi bayan Furusiya a yaƙinta da Napoliyon, aka ci su, Fulda ma ta tafi.

A can gida kuwa, Napoliyon ya naɗa ƙanensa Luwi sarkin Holan a 1806, sa'an nan ya tuɓe shi a 1810 ya haɗe ƙasar da Faransa. Da aka karya Napoliyon a yaƙin Leipzig a 1813, sai wasu dattawa uku ƙarƙashin jagorancin Van Hogendorp suka kafa gwamnatin wucin gadi, suka aika wa Wiliyam ya komo. Ya sauka ran 30 ga Nuwamba, 1813, a gaɓar nan da suka bi suka gudu.

Haɗa Ƙasashe Biyu

Ƙasashen da suka ci Napoliyon, musamman Ingila, suna bukatar ƙasa mai ƙarfi a arewacin Faransa wadda za ta zame mata takunkumi. Don haka suka shirya a haɗa Holan da lardunan kudu, waɗanda a yau ake kira Beljiyam, aka kuma tabbatar da shirin a babban taron Biyana. Ran 16 ga Maris, 1815, Wiliyam ya ɗauki sunan sarki, aka ƙara masa da sarautar Lukzambag. Bayan wata 3 aka gwabza yaƙin Watalu a cikin sabuwar ƙasar tasa, inda aka ji wa babban ɗansa rauni a kafaɗa.

Amma fa waɗannan yankuna biyu sun fi shekara 200 da rabuwa. Arewa ta ƙwaci 'yancinta daga Sifen, ta zama ƙasar fatauci da jiragen ruwa, kuma masu faɗa a ji a cikinta mabiya ɗariƙar Furotesta ne. Kudu ta zauna ƙarƙashin Sifen, sa'an nan Ostiriya, sa'an nan Faransa, ta tsaya kan ɗariƙar Katolika, kuma arzikinta noma ne da saƙa da kwal da ƙarfe. Mutanen kudu sun kai miliyan 3 da rabi, na arewa kuwa wajen miliyan 2, amma tsarin mulki ya ba kowane ɓangare kujeru 55 a majalisar wakilai. Daɗin daɗawa, bashin da ake bin arewa ya ninka na kudu sau da yawa, ga shi kuwa an ce a biya shi tare.

Tun ran gini aka ga zanen. Da aka miƙa tsarin mulkin ga manyan mutanen kudu a 1815, sai 796 suka ƙi, 527 suka yarda. Sarki ya ce mutum 126 da suka ƙi saboda dalilin addini a lasafta su cikin masu yarda, haka nan waɗanda ba su halarta ba. Da wannan dabara tsarin ya wuce. Mutanen kudu suka sa wa abin suna lissafin Holan, kuma ba su manta da shi ba. Tsarin ya bar ministoci suna amsa wa sarki shi kaɗai, ya kuma sa mafi yawan kasafin kuɗi ana zartar da shi sau ɗaya a shekara 10. Ke nan majalisa tana nan, amma ba ta da haƙora.

Sarkin 'Yan Kasuwa

Ko maƙiyansa ba su musa cewa Wiliyam ma'aikaci ne ba. Yakan yi sammako ya duƙufa a kan takardu, yakan kuma keɓe ranar da kowane talaka zai iya zuwa ya gan shi. Tunaninsa shi ne, idan kudu ta ƙera kaya, arewa ta yi dakonsu a jiragenta, ƙasashen da Holan ke mallaka a ƙetare suka saya, to riba za ta ɗinke abin da tarihi ya yage.

Saboda haka ya kafa babban bankin ƙasa a Amstadam a 1814. A 1822 ya kafa wani babban kamfanin kuɗi a Burusel don tallafa wa masana'antu, wanda daga baya ya shahara da sunan Société Générale. A 1824 kuma ya kafa kamfanin ciniki na ƙasa don fatauci da Gabas Mai Nisa, ya zuba kuɗin aljihunsa a ciki, har ya lamunce wa masu hannun jari ribarsu. Ya taimaka wa wani Bature ɗan asalin Ingila, John Cockerill, ya kafa masana'antar ƙarfe da injuna a Seraing kusa da Liyej a 1817. Wajen hanyoyin ruwa kuwa, an gama wadda ta haɗa Amstadam da teku ta arewa a 1824, da wadda ake kira Zuid-Willemsvaart a 1826, da ta Gent zuwa Terneuzen a 1827. Tashar Antiwaf ta bunƙasa har attajiran Amstadam da Rotadam suka fara ƙorafi. Wannan ne ya sa aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan kasuwa, wasu kuma suka ce sarkin hanyoyin ruwa. Haka kuma a 1814 ya haramta wa mutanensa fataucin bayi ta teku, ko da yake ita bautar kanta ba a soke ta a ƙasashen da Holan ke mallaka a yammacin duniya ba sai 1863.

Dokar Harshe

A nan ne muka iso ga jigon maganarmu. Lardunan kudu harshe biyu suke yi. Filamawa, waɗanda ke arewacin yankin kuma su ne mafi yawa, suna magana da karin harsuna na Holanci. Walunawa da ke kudancinsa kuwa nasu karin harsunan dangin Faransanci ne. To, a shekaru 20 ɗin da Faransa ta yi tana mulkin yankin, daga 1795 zuwa 1814, an mai da Faransanci harshen kotu da ofis da makarantar gaba da firamare. Manyan Filamawa da kansu, watau lauyoyi da alƙalai da attajirai, da Faransanci suka yi karatu, kuma sun ɗauki harshen iyayensu a kan harshen kasuwa da na barori.

Sarki ya duba ya ga in an haɗa Filamawa da mutanen arewa, masu Holanci su ne mafi rinjaye a ƙasarsa. Sai ya ƙudurta cewa Holanci shi ne harshen ƙasa. Ran 15 ga Satumba, 1819, ya fitar da umarni cewa daga 1 ga Janairu, 1823, ba a yarda a yi aikin hukuma ko na kotu da wani harshe ban da Holanci ba a lardunan Filanda ta Gabas da Filanda ta Yamma da Antiwaf da Limburg. A 1822 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da gundumomin Burusel da Luben. Ma'aikacin da bai iya harshen ba, an tanadi a ɗauke shi zuwa yankin Walunawa. Su Walunawa ba a tilasta musu ba, amma an shigar da koyar da Holanci a makarantunsu, aka kuma naɗa malamansa a jami'o'in Gent da Luben da Liyej, waɗanda sarkin ya buɗe a 1817. A wannan shekara ce kuma aka kafa makarantar horon malamai a garin Lier.

Idan aka duba ta fuskar adalci, dokar tana da hujja. Manomi Bafilame da aka gurfanar a gaban alƙali zai ji abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da ya sani. Bugu da ƙari, takardun kotuna da na ofisoshi da suka saura daga wancan zamani sun nuna cewa a yawancin garuruwan Filanda an koma aiki da Holanci ba tare da wata babbar tangarɗa ba. Ashe ba wajen aiwatarwa dokar ta sami cikas ba. Cikas ɗin yana wajen waɗanda za su tsaya mata.

Waɗanda dokar ta cuta suna da baki da alƙalami. Lauyoyin Burusel, waɗanda Faransanci ne jarinsu, sun ga ana neman taɓa musu abinci, kuma da yawa daga cikinsu su ne masu rubutu a jaridu. Walunawa sun ji tsoron cewa 'ya'yansu ba za su sami manyan muƙamai ba, ga shi kuwa da ma mutanen arewa ne suka cika ma'aikatun tsakiya da manyan muƙaman soja. Waɗanda dokar ta amfana kuwa, watau talakawan Filanda, yawancinsu ba su yi karatu ba, ba su da ƙuri'a, kuma Holancin littafi na arewa ya bambanta da karin harshen ƙauyukansu, har ƙa'idar rubutun ma ba ɗaya ba ce. Sa'an nan limaman cocinsu sun gaya musu cewa wannan harshe na arewa shi ne jirgin da zai shigo da ɗariƙar Furotesta. Masu goyon bayan sarki a kan wannan batu, irin su marubuci Jan Frans Willems, 'yan tsiraru ne. Sarki bai nemi ya jawo jama'a ba, domin a ganinsa abin da yake daidai ba ya bukatar lallashi.

Coci da Jarida

Rigimar harshe ba ta tafi ita kaɗai ba. Tun 1815 Bishof na Gent, De Broglie, ya hana mabiya Katolika yin rantsuwa da tsarin mulkin da ya daidaita addinai, aka yanke masa hukunci a 1817 bayan ya tsere zuwa Faransa. A 1825 sarki ya rufe ƙananan makarantun horon limaman coci, ya kafa wata kwaleji ta gwamnati a Luben, ya ce dole duk mai son zama limami ya bi ta cikinta. Wannan ya harzuƙa cocin gaba ɗaya. Ga kuma harajin niƙa da na yanka da aka sa, waɗanda suka tsadar da burodi da nama a wurin talaka.

A ɗaya gefen akwai matasa 'yan boko masu neman sauyi, waɗanda da can abokan gabar coci ne. Su bukatarsu ita ce 'yancin jarida, da kuma ministoci su riƙa amsa wa majalisa. Ministan shari'a Van Maanen ya yi ta gurfanar da 'yan jarida, har aka ɗaure Louis de Potter a 1828, aka kore shi daga ƙasar a 1830. A 1828 ɗin nan ne 'yan Katolika da 'yan neman sauyi suka ajiye gabarsu suka haɗa kai, takardun koke masu ɗauke da dubban sa hannu suka yi ta kwarara zuwa majalisa. Da sarki ya ga ruwa ya kai wuya sai ya fara sassautawa. Ya janye tilascin shiga kwalejin Luben, sa'an nan ran 4 ga Yuni, 1830, ya soke tilascin Holanci. Amma ihu ne bayan hari.

Ɓallewar Beljiyam

A watan Yuli na 1830 mutanen Faris suka tumɓuke sarkinsu, labari ya iso Burusel a daidai lokacin da ake fama da rashin aiki da tsadar abinci. Daren 25 ga Agusta, kwana ɗaya bayan cikar sarki shekara 58, aka nuna wani wasan kwaikwayo na waƙa mai suna La Muette de Portici, wanda ke ba da labarin tawayen mutanen Napoli. Daga nan tarzoma ta ɓarke, aka ƙone gidan Van Maanen. Sarki ya rasa tsayawa a kan hanya ɗaya: ya aiki babban ɗansa ya yi sulhu, ya kuma aiki ƙaramin, Firedirik, da runduna. Bayan kwana 4 ana ɗauki ba daɗi a tsakiyar Burusel a ƙarshen Satumba, sojojin sarki suka janye. Ran 4 ga Oktoba aka yi shelar 'yancin Beljiyam, manyan ƙasashen da suka taru a Landan suka amince, aka rantsar da Liyofol a kan sarkin sabuwar ƙasar ran 21 ga Yuli, 1831.

Wiliyam bai haƙura ba. A watan Agusta na 1831 ya tura sojojinsa, suka fatattaki na Beljiyam a yaƙin da ake kira na kwana 10, sai da rundunar Faransa ta shigo kana suka koma. Daga nan ya kafe, ya ƙi sa hannu a kan rabuwar, yana riƙe da babbar runduna cikin shirin yaƙi shekara da shekaru, baitulmali yana zurarewa. Sai a 1838 ya sauko, aka ƙulla yarjejeniyar Landan ran 19 ga Afrilu, 1839, aka raba Limburg da Lukzambag tsakanin ɓangarorin biyu.

Waɗanda Suka Biya Kuɗin

Nauyin wannan taurin kai ya faɗa a kan mutanen da ba su san Burusel ba. A tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya ta yau, bayan an murƙushe yaƙin Yarima Diponegoro na 1825 zuwa 1830, Gwamna Van den Bosch ya shigo da tsarin noman tilas. Aka wajabta wa ƙauyuka su ware kashi 1 cikin 5 na gonakinsu don noman rake da baba da sauran kayan da gwamnati ke so, ga kuma tilascin noman kofi, kamfanin cinikin sarki yana kwashewa zuwa Amstadam. A aikace abin da ake karɓa yakan wuce ƙa'ida, kuma da wannan kuɗi aka riƙa toshe ramin baitulmalin Holan.

Haka kuma rabuwa da Beljiyam ta rage wa sarki wurin ɗibar soja, sai ya waiwayi Elmina da ke gaɓar Gana ta yau, wadda a lokacin tana hannun Holan. A 1837 wakilinsa, Janar Verveer, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya a Kumasi, a kan a ba da mutum 1,000 a karɓi bindigogi. Yawancin waɗanda aka ɗiba bayi ne da aka kamo daga ƙasashen da ke arewa da Asante, watau yankunan da fataken goro na ƙasar Hausa ke ratsawa a hanyarsu ta zuwa Gwanja. Ingila ta yi ƙorafin cewa wannan cinikin bayi ne aka sake wa riga. Tsakanin 1831 da 1872 an kai 'yan Afirka wajen 3,000 aikin soja a can.

Murabus da Rasuwa

A ƙarshen 1839 majalisa ta ƙi amincewa da kasafin kuɗi, domin ta gaji da yadda sarki ke juya dukiyar ƙasa a ɓoye. A 1840 aka gyara tsarin mulki, aka ce umarnin sarki ba ya aiki sai da sa hannun minista, kuma ana iya gurfanar da ministan idan ya saɓa doka. Wiliyam ya ga ba zai iya mulki a haka ba. Ga shi kuma matarsa ta rasu tun 1837, yana son ya auri Henriëtte d'Oultremont, wadda 'yar Katolika ce daga zuriyar Beljiyam, abin da mutanen arewa suka ɗauka cin fuska ne. Ran 7 ga Oktoba, 1840, ya yi murabus a fadar Het Loo, ya bar wa ɗansa Wiliyam na Biyu gadon sarauta. Ya koma Balin, aka ɗaura auren a 1841, ya rasu a can ran 12 ga Disamba, 1843, yana da shekara 71. An binne shi a Delft. Bayan shekara 5, watau a 1848, tsarin mulkin da Thorbecke ya tsara ya mai da ikon gwamnati hannun ministoci da majalisa, kuma a kan wannan tushe zuriyarsa ke sarauta har yau.

Kammalawa

Bayan 1830 sabuwar gwamnatin Beljiyam ta koma aiki da Faransanci kaɗai, aka mai da Willems wani ƙaramin gari don ladabtarwa. Amma malamai da ɗaliban da suka fito daga makarantun zamanin Wiliyam suna cikin waɗanda suka ɗauki tutar neman haƙƙin harshen Filamawa. Sun yi ta fafutika da littattafai da ƙungiyoyi da ƙuri'a, har a 1898 aka daidaita Holanci da Faransanci wajen zartar da dokokin ƙasa. A 1980 kuma Holan da Beljiyam suka ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa don kula da harshen, kuma a yau wajen kashi 60 cikin 100 na mutanen Beljiyam Holanci ne harshensu.

Ke nan abin da sarkin ya nema wa harshen ya tabbata, amma sai da masu harshen suka neme shi da kansu, kuma ya ci su kusan shekara 70 kafin a kai ga matakin farko. Doka ta iya canja harshen takardun kotu a cikin shekara 3. Ba ta iya samar wa harshen masu kare shi ba, domin an haɗa shi da fuskar mai mulkin da ba ya shawara, da ɗariƙar da jama'a ke tsoro, da kuma rabon muƙaman da suke ganin an zalunce su a cikinsa. Duk hukumar da ke shirin ɗaukaka wani harshe a ƙasa mai harsuna da yawa, ya kamata ta fara tambayar kanta su wane ne za su yi asara, su wane ne kuma za su tashi su tsaya wa dokar ranar da aka tasar mata.